Motar da Ta San Iyaka

Shekara uku ke nan da aka daina sayar da fetur. Ɗanlami direba ya tsallaka Maraɗi ya sayo motar lantarki, don a can kuɗinta bai wuce na shanu biyu ba, a nan kuwa sai masu hannu da shuni.

Yana shigowa Jibiya motar ta mutu. Sai ga murya daga sitiyari, cikin ladabi: "Yi haƙuri, ba don ƙasarku aka yi ni ba."

Yayarsa Kande, da ta rako shi, ta daki gilashi. "Ke! Dutsen da ke cikin batirinki a gonar babanmu aka haƙo shi!"

"Mun gode," in ji motar.

Ɗanlami ya sauka. "Yaya, kama sitiyari in tura."