Dodon da Ya Je Makka

Ƙarfe biyar na yamma, ruwa na dukan kwanon silimar unguwar New Bell, Bature ya soke dodo a jikin farin ƙyalle, dodo ya faɗi matacce. Gabana ya faɗi tare da shi.

Wata shida ina karanta wa 'yan layinmu littafin da aka yi fim ɗin da shi. Ban iya Faransanci ba. Hotuna nake kallo, in ƙara nawa. A wajena dodon ya tuba, ya kama sana'ar goro, har ya je Makka. Shi ya sa ake ce mini Malam.

"Ƙarya ne!" in ji wata gwaggo mai ƙosai. "Alhaji guda za ku kashe?"

Mahauta suka miƙe, wai a mayar da fim baya a gyara. Sai aka hango akawun tasha, mai rubuta sharhin fim a jarida, wanda ya karance littafin tun a makaranta.

"Musiye, raba mu!" in ji mahauta. "A littafi dodo ya mutu?"

Na buɗe littafin da ke hannuna, ina jiran tonon asiri. Ya daɗe yana dubana ta saman tabarau.

"Fim bai bi abin da kuka ji ba," in ji shi. "Kuma naku ya fi daɗi."

Aka hau tafi. Da ya zo wucewa, sai ya sa yatsa biyu ya juya mini littafin, ashe kai ƙasa na riƙe shi. Kafin in buɗe baki ya shige cikin ruwa.