Shagon Mai Azara

Ranar da aka miƙa masa makullin sabon shago a kasuwar Kankia, mai azara ya yi godiya har ƙasa. Shekara talatin yana sare giginyu ana kaiwa Kano a loda a jirgin ƙasa, har kurmin ya ƙare, gari ya watse. Yanzu arzikin fetur ya dawo da mutane da kwalta da rufin kwano.

Kafin azahar shagon ya zama tanderu. Ciki wuta, waje wuta.

Ƙanwarsa mai fura ta leƙo, ta tarar da shi sharkaf da gumi.

"Yaya, fito ka sha inuwa mana."

Ya dubi fili fetal, iya ganinsa.

"Wace inuwa? Ai ni na sare ta, jirgi ya tafi da ita."