Gaisuwar Fiffike a Kalakla

Jirgin ya sauko ƙasa-ƙasa a kan rufin gidajen Kalakla, ya karkata fiffike hagu, ya karkata dama. Matan unguwa suka ɗauki guɗa.

Al'adar rundunar ce tun da aka fara horar da matuƙan jiragen sama na sojan ruwa a kan kogin Farin Nilu. Ranar da ɗalibi ya fara tashi shi kaɗai, sai ya bi ta kan gidan uwarsa ya gaishe ta da fiffike. Ba a rubuta al'adar ba, ba a kuma taɓa hana ta ba.

Babban ɗan gidan su matuƙin yana tsakar gida. Shi ma ya yi makarantar, aka sallame shi kafin tasa ranar ta zo.

"Mabruk, Hajja," in ji wata maƙwabciya, tana taya uwar matuƙin murna.

Ya ɗaga hannu. "Inna, ku ɗan yi shiru."

"Sauke hannunka," in ji uwar, ba ta ko dube shi ba. "Don taka ba ta yiwu ba, sai ka hana ni murnar ƙaninka?"

Ya sauke. Ya auna tsayin jirgin, ya auna nisan kogin, inda aka koya musu su nufa idan abu ya ɓaci. Ya sake aunawa. Ba zai kai ba.

Da matan suka tsaya shaƙar numfashi, sai kowa ya ji abin da ya riga su ji. Jirgin yana zamewa wajen kogi, babu ƙarar inji ko kaɗan.