Mita Ɗari Huɗu da Ashirin

Mai shago ya jera na'urori uku a kan gilashi, Daulat Nazar kuwa ko ɗaya bai taɓa ba. Dukkansu ma'aunin nisa ne: ka leƙa da ido ɗaya, ka danna, lamba ta fito ta gaya maka mita nawa ne tsakaninka da dabba. Kwamitin farauta na ƙauyensu ne ya turo shi Gilgit, tafiyar awa biyar, ya zaɓo sabuwa. An ce masa kada ta yi tsada, kuma kada ta yi ƙarya irin tsohuwar da ke aljihunsa.

Sati uku ke nan da abin ya faru. Lasisin bunsurun dutse ɗaya tak aka ba kwarinsu a bana, wani Baturen Sifen ya saya. Na'urarsa ta maƙale da jakarsa a filin jirgi, dole aka hau dutse da ta kwamiti. Daulat ne jagora, shi ke riƙe da ita. Wa za a ba in ba shi ba? Mutumin da a ɗakin girkinsa aka taɓa renon marayan ɗan akuyar dutse. Marigayiya matarsa Lal Begum ce ta shayar da shi da kwalba, ta haɗa shi da awakinta, har ya yi ƙwari ya koma sama. An fi shekara goma ana ba da labarin.

Kwana huɗu suka yi cikin ƙanƙara kafin su ga abin da ake nema: tsohon bunsuru, ƙaho ya lanƙwasa har gadon baya, kunnen hagu da giɓi. Daulat ya daɗe yana leƙe. Can ya ce, "Ɗari huɗu da ashirin, Sahib."

Bature ya murɗa madubin bindigarsa, ya harba. Harsashi ya bi ta saman bunsurun ya fasa dutse, garken ya haye tsauni, ba a sake ganinsa ba. Da Baturen ya duba taswirar wayarsa, nisan bai wuce ɗari uku da goma ba. Ya tafi yana zagi da yarensu, kamfanin da ya kawo shi kuma ya ce baɗi wani kwarin zai kai baƙinsa.

Laifi ya nemi mai shi, ya faɗa kan Aman, mijin ƙanwar Daulat. Shi ya zaɓo na'urar bara, ya yi ta yawo da ita gida gida yana alfahari ya samo wa ƙauye mai sauƙi. A taron kwamiti dattijai suka ce araha ba ta ado, wani ya ƙara da cewa a binciki ragowar kuɗin ma. Aka cire shi daga kwamitin. Yanzu in ya wuce wurin masu shayi, "Araha" suke ce masa. Daulat bai ce uffan ba a taron, mutane suka ce kara yake yi wa suruki.

"Kawu, kawo tsohuwar mu gani," in ji mai shago.

Daulat ya so ya ce ya manta da ita a gida, sai dai shatinta na nan a aljihun kwat, dole ya miƙa. Mai shago ya fita bakin ƙofa, ya saita ta kan wani tankin ruwa can ƙetaren kogi. Ya ɗauko mafi tsada a shagon, ya saita kan tankin. Ya maimaita a kan sandar lantarki.

"Lafiyarta lau. Ko mita ɗaya ba su saɓa ba."

"A sanyi take ƙarya."

"Kawu, 'yan ƙauyen Shimshal irinta suke hawa da ita, inda hanci ke daskarewa. Ka dai duba idonka, shekaru ba wasa ba."

Wasa mai shago ya yi, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Daulat ya nuna ta tsakiya ba tare da ya leƙa cikinta ba, ya biya, ya fita ko shayin da aka zuba masa bai sha ba.

Inda mota ta sauke shi, gadar igiya ce ke kaiwa ƙauye. Ya tsaya a tsakiyarta. Duk wanda ya gwada tsohuwar na'urar nan minti biyu zai wanke Aman tas. Ya san haka sarai. Ya ciro ta daga aljihu, ya buɗe hannu, kogi ya karɓa.

Kunya ta hana shi bin hanyar masu shayi, ya zagaya ta bayan gonaki, sai ga Aman yana faskare a ƙofar gida. Ya rame. Ya ajiye gatari ya riƙe hannun Daulat da hannu biyu.

"Yaya, tun ranar nake neman bakin da zan yi maka magana. Shekara talatin kana jagora ba a taɓa zaginka ba, sai a kan kwaɗayina na araha. Ka yafe mini."

Daulat ya buɗe baki. Ƙanwarsa na leƙowa ta taga, tana jiran ta ji.

"Ya wuce," ya ce.

Ya shiga gidansa ya rufe ƙofa, ya zauna yana kallon almakashin Lal Begum da ke rataye a bango, wanda take yi wa kowace dabbarta shaidar gida da shi a kunnen hagu. A ranar nan a kan dutse, na'urar Aman ɗari uku da goma ta nuna masa, baro-baro, daidai ƙarƙashin kunnen da matarsa ta yanka da hannunta.