Na'urar da Ta Ƙi Ɓata

"Kun iso," in ji sabuwar na'urar nuna hanya, kuma abin takaici, gaskiya ta faɗa. Ga ƙofar gidan bazawarar, can wani ƙauye bayan Gazawa. Ga yayata a gefena rungume da goro.

Wata huɗu Yaya na tura ni zawarci, wata huɗu tsohuwar na'urata na cetona. Taswirarta ta girmi gwamnati uku. Ta kai ni gonar gyaɗa, ta kai ni bakin wata rijiya a Sae Sabuwa. Kullum in koma gida Agiye in ce laifin na'ura ne, Yaya ta aika ban haƙuri. Da ta gaji, ta sayar da ragonta ta sayo wannan, wadda ba ta kuskure kamar ajali.

Bazawarar ta fito, ta leƙa motar, ta ɓata rai.

"Malam, ina tsohuwar na'urar? Wata huɗu ina sa mata albarka."

Tun rasuwar matata ban ji magana mai hankali irin wannan ba. Na ce, "Yaya, miƙo goron."