Mai Ɗaukar Hoton Alhaji Maikuɗi

Katin kyamarar da Alhaji Maikuɗi ya kawo daga Gwaram cike yake taf, kuma babu hoto ɗaya a ciki da ya tsaya daidai.

Nu'uman, mai shagon tace bidiyo a Birnin Kudu, mutum ne mai ƙa'ida. Ba ya yanka komai sai ya kwafe kati a kwamfuta, ya kalli ɗanyen hoton daga farko har ƙarshe, ya ware na kirki ya ware shara. Buƙatar Alhaji kuwa ba ta da wuya.

"Ka fitar mini da duk gidan da ya shiga da kyamarar nan," in ji Alhaji. "Ina so in bi su in nemi afuwa kafin ranar sunan jikana."

Nu'uman bai tambayi ko waye ya ɗauki hoton ba. Hankalinsa na wani wuri. Mai ɗaukar masa hoto ya gudu Kano, ga bikin 'yar Hajiya Saudatu ya ƙarato, kuma Hajiya ta ce in bai samo wanda zai ɗauki ɓangaren mata ba, aikin ya bar hannunsa, ita kuma za ta faɗa wa duk matan garin dalili.

Ya kunna hoton farko, takaici ya kama shi. Gwiwoyin mutane kawai ake gani. Mai ɗaukar ba ya sallama, ba ya magana, sai huci. Ya tsaya a kan kwaryar dusa kamar zai rubuta tarihinta. Ga wani rago da ba a taɓa ganinsa a hoton ba, amma duk inda aka je yana kuka a bakin makirfo. Nu'uman ya kashe sautin gaba ɗaya ya huta.

Da ya ci gaba da rarrabawa, sai ya matso kusa da kwamfutar ya ƙura ido. Mutumin nan shiga gidajen mutane yake har tsakar gida, kuma babu macen da ta ja mayafi. Babu mai gyara zama, babu mai murmushin ƙarya irin wanda ake yi wa kyamara. Wata tana daka tana dariya da gaske. Wata tsohuwa ta biyo shi da muciya, hoton ya yi tsalle ya haye katanga, amma bai daina ɗauka ba. A kasuwar Gwaram mai kayan miya ya jefe shi da takalmi, ya yi zagaye ya dawo ta bayan rumfar, kai tsaye kan alayyafo.

Nu'uman ya buɗe sabuwar folda ya sa mata suna "Gwani". Shekarunsa a sana'ar nan bai taɓa ganin mai zuciya irin wannan ba, har ya ji kishi. Gajere ne, ba shi da kunya, hannunsa na rawa, amma duk wannan mai gyaruwa ne. Wanda mata ba sa gudu, shi Hajiya ke nema.

Ya tura wa Alhaji hoton ƙofar kowane gida. Sannan ya kira Hajiya Saudatu ya ce ta kwantar da hankalinta, ya samo mutum, ya ma rantse mata.

Ranar suna ya hau mota zuwa Gwaram. Alhaji ya tarbe shi da fara'a, ya ce ya bi gidajen kaf, kowa ya yafe abin da aka ci masa. Aka shimfiɗa tabarma, aka dire masa farfesun kayan ciki mai zafi. Nu'uman ya ci har gumi ya karyo masa, sannan ya gyara murya.

"Alhaji, alfarma nake nema. Wanda ya ɗauki hoton nan, ka ara mini shi ranar biki ɗaya tak. Mutuncina na hannunsa."

Alhaji ya dube shi, ya dubi kwanon, ya girgiza kai cike da tausayi.

"Allah sarki, Malam Nu'uman, ai ka makara. Ragon sunan muka ɗaura wa kyamarar a wuya don mu ga inda yake ɓarna, hantarsa ce ma a hannunka."