Kajin da Aka Ce a Ƙona

"Zabin Jibir ne suka kawo wannan ciwo," in ji Asher.

Afiniki ta yarda. Asher ƙaninta ne, kuma a ɗakin binciken cututtukan dabbobi yake aiki. Cikin mako ɗaya kajinta ɗari biyu sun mutu a Kagoro, ga 'yarta Zipora kwance da mura mai zafi. Da ƙafarta ta kai ƙarar Jibir wurin mai unguwa. Kafin Lahadi Jibir ya tashi da rugarsa, bayan shekara goma suna maƙwabtaka.

Bai yi gardama ba. "Allah ya ba yarinya lafiya, Maman Zipora," kawai ya ce.

Ranar Talata wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Wata likitar dabbobi ta fito, ta rufe hanci da baki.

"Ke ce yayar Asher? Kaji goma sha biyu muke nema. Mun sa musu ƙwayar murar da muka sauya wa halitta, don gwaji. Shi aka ba ya ƙona su."

Nan take Afiniki ta tuna. Ranar jajibirin Kirsimeti Asher ya sauko daga babur da kwandon kaji, yana dariya: "Yaya, ga tsarabarki. Haɗa su da naki."

Da ƙyar ta ce, "Wataƙila bai san suna da ciwo ba."

Likitar ta dube ta.

"Madam, shi ya yi musu allurar da hannunsa."